Ƙarancin Sinadarin Zinki A Damagaram: Ciwon Da Ke Cin 'Ya'yanmu A Ɓoye

Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin kwantar da yara a asibitocin jihar Damagaram tsakanin watan Yuli da na Oktoba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sauro kuma ya yi yawa, ya san abin da ake nufi da ganin abin tausayi. Daga birnin Zinder zuwa Mirya, daga Magarya zuwa Matamai da Tanut, hoton iri ɗaya ne: uwa zaune a bakin gado, yaro a cinyarta ya rame, zawo ya ƙi tsayawa, baki ya yi miki, gashin kai ya yi ja yana zuba. Idan ka tambaye ta abin da ke damunsa, sai ta ce haƙori ne, ko kurga, ko kuma ya sha nonon ciki. Wasu su ce maita, wasu su ce iska. Likitoci kuwa su ce tamowa da zazzaɓin cizon sauro, kuma gaskiyarsu ne. Sai dai a ƙarƙashin waɗannan sunaye akwai wani ɓoyayyen al'amari da ba kasafai ake ambatonsa ba, wato ƙarancin sinadarin zinki a jikin yaro da na uwarsa. A kan wannan ne muke son mu ja hankalin hukuma da talakawa a yau.

Da farko dai, mene ne zinki? Mafi yawanmu mun san shi ne a jikin kwanon rufi, domin da shi ake shafe kwanon don kada ya yi tsatsa. To, Allah cikin ikonSa Ya sanya wannan sinadari a jikin ɗan Adam, amma ɗan mitsitsi ƙwarai, domin duk abin da ke jikin babban mutum bai wuce giram 2 zuwa 3 ba. Amma raina kama ka ga gayya. Masana sun ƙididdige cewa fiye da injinan jiki 300, waɗanda ke sarrafa abinci da gina tsoka da fata, ba sa aiki sai da shi. Da shi yaro ke tsawo, da shi miki ke warkewa, da shi garkuwar jiki ke tunkarar cuta, da shi harshe ke jin ɗanɗano, da shi kuma saurayi da budurwa ke kai wa ga balaga a kan lokaci. Abin da ake buƙata a yini bai taka kara ya karya ba: miligiram 3 ga yaron da ke tsakanin wata 7 da shekara 3, miligiram 8 ga mace, 11 ga namiji da mai juna biyu, 12 ga mai shayarwa. Matsalar ita ce jiki ba shi da rumbun da yake tara zinki kamar yadda yake tara kitse. Abin da aka ci yau shi ne na yau, gobe sai an sake nema.

Likitoci sun raba ƙarancin wannan sinadari gida biyu. Akwai na gado, wanda ake haihuwar yaro da shi, akwai kuma wanda ake samu daga baya saboda abinci ko wata cuta. Kowannensu yana da darasin da ya kamata mutanen Damagaram su ɗauka.

Bari mu fara da na gado. Wannan cuta ce da likitoci ke kira akrodamataitis enterofatika, sunan da wasu likitocin ƙasar Norwe biyu, Danbolt da Closs, suka raɗa mata a shekarar 1942. Hanjin yaron da ke da ita ba ya iya tsotse zinki daga abinci yadda ya kamata, saboda wata tangarɗa a ƙwayar halittar da aka gano a shekarar 2002, wadda ake yi wa laƙabi da SLC39A4. Muddin yaron yana shan nonon uwa, sau da yawa ba a ganin komai, domin zinkin da ke cikin nonon uwa ya fi kowane sauƙin shiga jiki. Amma da zarar an yaye shi, ko kuma an fara shi da madarar gwangwani tun yana jariri, sai alamu su bayyana. Alamomin nan guda uku ne da ke tafiya tare: ƙuraje masu kama da ƙuna a kewayen baki da hanci da idanu da matsematsi da yatsun hannu da na ƙafa, sai zawo mai naci, sai zubewar gashi har da na gira. Yaron ya zama mai yawan kuka da ƙin abinci, ba ya son haske, girma kuma ya tsaya cak. A da, yawancin irin waɗannan yara ba sa kai labari. Sai a shekarar 1973 wani likitan fata a birnin Landan mai suna Edmund Moynahan ya gano cewa ƙarancin zinki ne tushen cutar. Daga nan labari ya sha bamban, domin yaron da ake ba zinki kullum yakan fara walwala da cin abinci cikin 'yan kwanaki, fata ta soma warkewa cikin mako ɗaya ko biyu, gashi ya tsiro daga baya, ya girma kamar kowa, da sharaɗin zai ci gaba da shan maganin har iya rayuwarsa bisa awon likita.

Wani zai ce, to ina ruwanmu da cutar da aka ƙiyasta tana kama jariri ɗaya ne kacal cikin 500,000? Amsarmu ita ce wannan ƙiyasi daga Turai aka yi shi, inda auren zumunci ya yi ƙaranci. Cutar tana bin hanyar gado iri ɗaya da ciwon sikila da muka sani. Wato sai uba yana ɗauke da ƙwayar, uwa ma tana ɗauke da ita, alhali dukansu lafiyarsu lau, sannan a kowane ciki ake da yiwuwar ɗaya cikin huɗu yaron ya fito da cutar. A inda ɗan wa ke auren 'yar ƙane, kamar yadda muke yi a Birni da Zango da ƙauyukanmu tun kaka da kakanni, haɗuwar masu ɗauke da ƙwaya iri ɗaya ta fi sauƙi. Ba muna cewa a daina auren zumunci ba ne, addini ya halatta shi, kuma yana da alfanunsa wajen riƙon dangi. Abin da muke cewa shi ne, gidan da aka ga yara biyu ko uku sun bi hanya ɗaya, wato lafiya lau a goye, da an yaye sai ƙuraje da zawo da mutuwa, to kada a tsaya zargin kishiya ko tsohuwar maƙwabta. A garzaya asibiti, a kuma gaya wa likita tarihin gidan ba tare da ɓoye komai ba. Babu baƙin cikin da ya kai a rasa yaro saboda cutar da ƙwaya mai arha ke magancewa.

Akwai kuma wani nau'in da ke kama da wannan amma ya saɓa masa. Shi a nan hanjin jaririn lafiyarsa ƙalau, nonon uwar ne ke zuwa da ƙarancin zinki saboda wata tangarɗar gado a jikinta, ko da kuwa tana cin abinci mai kyau. A nan alamun suna fitowa ne tun yaro yana kan nono, musamman bakwaini. Maganinsa shi ne a ba jaririn zinki har zuwa lokacin da ya kama cin abinci sosai, a kuma ci gaba da shayar da shi. Mun kawo wannan ne saboda mun san al'adarmu ta cewa nonon wance "ba shi da kyau", a raba ta da jaririnta, a koma ɗura masa ruwan kunu. Yin haka gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Yanzu sai nau'i na biyu, wanda shi ne ainihin abin da ya yi mana katutu. Labarin gano shi ma abin lura ne, domin ya yi kama da namu. A shekarar 1958 wani likita ɗan asalin Indiya mai suna Ananda Prasad ya je aiki birnin Shiraz na ƙasar Iran. A can ya haɗu da wani saurayi ɗan shekara 21 wanda idan ka gan shi sai ka rantse bai wuce shekara 10 ba, bai balaga ba, ga ƙarancin jini. Da aka bincika sai aka tarar abincinsa gurasar alkama ce marar yisti, nama sai jefi-jefi, sannan yana cin ƙasa kullum. Prasad ya wallafa bayanin irin waɗannan samari a 1961, ya kuma ci gaba da binciken a ƙauyukan Masar, inda a 1963 ya tabbatar da cewa ƙarancin zinki ne. Da aka ba samarin Masar ɗin zinki, wasunsu sun ƙara tsawon inci 5 zuwa 6 cikin shekara guda, suka kuma balaga. Duk da haka sai a 1974 ne hukumomin kimiyya na Amurka suka amince da sanya zinki cikin sinadaran da dole ɗan Adam ya samu a abincinsa.

Mai karatu, cire alkama ka sa gero, cire Shiraz ka sa Damagaram Takaya ko Dungas, ka gaya mana bambancin. Abincin talakanmu daga safe zuwa dare gero ne da dawa: fura, ko hura a bakin Damagarawa, da rana, tuwo da dare, ɗumame da safe. Gero ba abin rainawa ba ne, shi ya riƙe wannan ƙasa tun kafin Sarki Tanimu ya kewaye Birni da ganuwa, kuma akwai zinki a cikinsa. Sai dai hatsi yana ɗauke da wani sinadari da ake kira fayitet, wanda ke damƙe zinkin a cikin hanji ya hana shi shiga jini. Abin da ke sassauta wannan damƙa shi ne nama da kifi da ƙwai da nono, waɗanda su ma suna ɗauke da nasu zinkin mai sauƙin shiga jiki. To, a gidaje nawa ne a karkara yaro ɗan shekara biyu ke ganin nama sau ɗaya a mako? Furar ma a lokacin bazara da farkon damina sau da yawa da ruwa zalla ake dama ta, domin shanu sun yi nisa, nono ya yi tsada. Ƙari a kan haka, ƙasar jigawa mai rairayi da muke nomawa shekara da shekaru ba hutu ba taki ita kanta ba ta da wadatar zinki, kuma abin da babu a ƙasa ba zai hau zangarniya ba. Ga kuma ɗabi'ar cin farar ƙasa da wasu mata masu juna biyu ke yi da sunan kwaɗayin ciki.

Wannan ba zato ba ne. Wasu masana daga Jami'ar Kalifoniya da ke Davis a Amurka, tare da haɗin gwiwar ƙungiyar Helen Keller International, sun auna jinin mata masu juna biyu 770 a ƙauyuka 88 na jihar Zinder, suka wallafa sakamakon a shekarar 2017. Sun tarar kimanin kashi 40 cikin 100 na matan suna da ƙarancin zinki a jininsu, ban da ƙarancin sinadarin ƙarfe da sauran bitamin da suka samu tare. Wato a cikin kowace mace biyar da ke layin awo, biyu na ɗauke da cikin da jikinsu ba shi da isasshen abin gina shi. A duniya baki ɗaya, ƙiyasin da aka yi a 2012 ya nuna kusan kashi 17 cikin 100 na bil'adama ne ke cikin haɗarin rashin samun isasshen zinki daga abinci. Masana harkar kuma sun ce duk ƙasar da fiye da kashi 20 cikin 100 na yaranta 'yan ƙasa da shekara biyar suka tsumbure, wato tsawonsu ya gaza na shekarunsu, to a yi zargin ƙarancin zinki a cikinta. A Nijar, binciken abinci mai gina jiki na ƙasa na shekarar 2022 ya nuna kashi 47 cikin 100 ne suka tsumbure, kuma jihohin Zinder da Maraɗi sun daɗe suna cikin waɗanda abin ya fi tsanani.

Inda abin ya fi muni shi ne haɗuwarsa da zawo. Yaron da ba shi da isasshen zinki garkuwar jikinsa da bangon hanjinsa sun yi rauni, don haka zawo ke saurin kama shi. Zawon kuma sai ya wanke ɗan zinkin da ya rage ya fitar da shi. Yaron ya tashi daga wannan ya fi da rauni, bayan 'yan makonni wani zawon ya sake kada shi. Haka za a yi ta yi, kamar mai haƙa rami yana cikinsa, har tamowa ta shigo ta ƙarasa aikin. A garin da matsalar ruwan sha ta zama abin da aka san shi da ita shekaru aru-aru kamar Zinder, da ƙauyukan da mutane da dabbobi ke shan tafki ɗaya, ba sai an gaya wa kowa yadda wannan zagaye ke juyawa ba. Haka nan masu ciwon sikila, da masu ciwon hanta ko na ƙoda, da masu cutar ƙanjamau, da waɗanda suka yi mummunar ƙuna, da mashaya giya, duk suna cikin waɗanda zinki ke saurin ƙarewa a jikinsu.

To, ba a san magani ba ne? An sani, kuma an daɗe da sani. Tun shekarar 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da asusun UNICEF suka ba da sanarwar haɗin gwiwa cewa duk yaron da ke zawo a ba shi ruwan gishiri da sukari na asibiti, wanda ake kira SRO a Nijar, ORS a Nijeriya, a haɗa masa da ƙwayar zinki miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, jaririn da bai kai wata shida ba kuwa miligiram 10. Ƙwayar tana narkewa a cokali da ɗan ruwa mai tsabta ko nonon uwa. Gwaje-gwaje sun nuna tana rage tsawon zawon, musamman ga yaran da ke da tamowa, tana kuma rage yiwuwar dawowarsa cikin wata biyu zuwa uku masu zuwa. A 2019 hukumar ta sanya ƙunshin da ya haɗa magungunan biyu wuri ɗaya cikin jerin magungunan da bai kamata a rasa su a kowace ƙasa ba. Fiye da shekara 20 ke nan da wannan shawara, amma har yanzu uwa da yawa idan ɗanta ya fara zawo, wurin mai tallar magani a tire take nufa, ya haɗa mata kafso ja da rawaya, ko kuma a kai yaron wurin wanzami a cire masa beli. Waɗanda suka samu zinkin ma, da zawo ya tsaya a kwana na uku sai su ajiye sauran, alhali amfanin yana cikin cika kwanakin.

Ba za mu yi wa hukuma rashin adalci ba. Nijar ta taɓa nuna wa duniya cewa talauci ba hujja ba ne. Bayan yunwar 2005, wadda ta sa ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu matsananciyar tamowa a ƙasar cikin shekara guda, gwamnatin marigayi Tandja Mamadou ta ayyana kula da lafiyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta a 2006, ga kuma ƙananan ɗakunan shan magani da aka baza a karkara. Wani nazari da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 2012 ya nuna mace-macen yara ƙanana a Nijar sun sauka daga 226 cikin kowane 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Wannan abin a yaba ne. Sai dai kuma kowa ya san yadda jinkirin biyan asibitoci kuɗin wannan magani na kyauta ya riƙa barin kantocin magani wayam, ya kuma san yadda kaso mai tsoka na yaƙi da tamowa ya rataya a wuyan ƙungiyoyin waje. A shekarar 2025 gwamnatin Amurka ta rufe hukumarta ta ba da agaji, USAID, kuma wannan kaɗai ya isa ishara ga mai hankali. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Saboda haka muna kira ga ma'aikatar lafiya da hukumomin lafiya na jihar Zinder da su ɗauki ƙunshin zinki da SRO tamkar yadda aka ɗauki maganin zazzaɓin cizon sauro. Kada a rasa shi a kowane ɗakin shan magani, ya kuma kasance a hannun ma'aikatan sa-kai na ƙauyuka kafin damina ta sauka, da kuɗinsa a cikin kasafin ƙasa da na ƙananan hukumomi. Na biyu, a horar da ma'aikatan jinya da ungozomomi su gane alamun nan uku na nau'in gado, domin a wurin da tamowa ta yi yawa, abu ne mai sauƙi a ɗauki kowane miki a jikin yaro a matsayin tamowa, a yi masa jinya a sallame shi, ya koma gida ciwon ya dawo. Yaron da ƙurajensa ke dawowa duk lokacin da aka daina ba shi abincin asibiti mai zinki, a tura shi babban asibitin ƙasa na Zinder a bincika. Na uku, muna ganin hakki ne a kan Jami'ar André Salifou ta Zinder da likitocin yara da na fata na babban asibitin su buɗe rajistar irin waɗannan yara, su riƙa bin sawunsu, su tabbatar maganinsu bai yanke ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, bai dace a ce kullum sai baƙo ya zo daga wata uwa duniya ya auna mana jinin matanmu ba.

Sai ɓangaren noma. A shekarar 2018 Nijar ta zama ƙasa ta farko a Afirka da ta amince da irin geron da aka inganta da sinadarai ta hanyar barbarar iri, mai suna Chakti, wanda cibiyar ICRISAT mai tasha a Sadore kusa da Yamai ta samar tare da cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN. Wannan iri ya fi wanda aka saba da shi sinadarin ƙarfe da zinki, kuma yana nuna da wuri, abin da ya dace da yankuna masu gajeren damina irin Damargu da Gure. Tambayarmu ita ce, manoma nawa ne a jihar Damagaram suka taɓa riƙe shi a hannu? Irin da ya tsaya a tashar bincike da bakin jami'ai a wurin taro bai amfani kowa ba. A kai shi gonakin gwaji a ƙauyuka, a bar mata su daka su dama su ɗanɗana, domin su ne alƙalan gero. A kuma duba batun takin zamani mai ɗauke da zinki ga gonakin da suka gaji.

Amma fa kada mu ɗora wa gwamnati komai mu koma gefe, domin wani laifin namu ne. Damagaram ƙasar kiwo ce. Duk mako garken shanu da awaki da tumaki na tsallaka iyaka zuwa kasuwanni irin su Maigatari, buhunan wake da riɗi na bin bayansu, kasuwar Dole kuwa cike take da kilishi da cuku da soyayyar fara. Duk waɗannan abinci ne masu zinki. Amma magidanci zai tsaya wurin mai tsire da dare ya ci na ɗari biyar shi kaɗai, ya goge baki ya shiga gida, yaran da suka fi shi buƙata sun kwana da tuwo miyar kuka ba ko ƙashi. Idan an yanka kaza, cinya da ƙirji na maigida ne, yaro sai ƙafa da kai. Ƙwan zabi a kwashe a kai kasuwa, a ce idan yaro ya ci ƙwai zai yi sata. Wannan camfi ba shi da tushe a addini ko a likitanci, kuma lokaci ya yi da za a binne shi. Mun san akwai talauci, mun san akwai gidajen da ko geron ma sai an yi da gaske. Amma ƙwai ɗaya, ko ɗan garin busasshen kifi ko na fara da aka tabbatar ba a yi mata feshin magani ba, ko cokalin tunkuza ko na riɗi a cikin kunun yaro, bai fi ƙarfin gidaje da yawa da ke sayen goro da shayi da katin waya kullum ba.

Iyayenmu mata ma suna da dabarun da kimiyya ta gaskata. Jiƙa hatsi ya kwana, da barin ƙullu ya yi tsami kamar yadda ake yi wa koko da kamu, da tsirar da hatsi kafin a niƙa, duk suna rage ƙarfin fayitet, su ba zinki hanya. Saboda haka kunun yaye ya kasance na tsiro ko na ƙullu mai tsami, mai kauri, an haɗa shi da wake ko gyaɗa da ɗan nono. A shayar da jariri nonon uwa zalla har wata shida, daga nan a fara ba shi irin wannan abinci ana ci gaba da shayarwa har shekara biyu, domin bayan wata shida zinkin da ke cikin nono ya ragu, ba ya isar yaro shi kaɗai. Mai juna biyu kuwa a taimaka mata ta bar farar ƙasa, ta je awo, a kuma fifita ta a rabon nama.

Wajibi ne kuma mu yi gargaɗi, domin mun san halinmu, da an ce abu magani ne sai a mayar da shi goro. Zinki ba maganin kowace cuta ba ne, kuma yawansa illa ne. Yana sa tashin zuciya da amai, kuma wanda ya daɗe yana shan fiye da kima yakan jawo wa kansa ƙarancin sinadarin tagulla a jiki, wanda ke haddasa ƙarancin jini da lalacewar jijiyoyi. Ga babban mutum mai lafiya, masana sun sa iyaka a miligiram 40 a yini. Haka nan zinki ba ya maye gurbin ruwan gishiri da sukari, domin abin da ke kashe mai zawo nan take shi ne ƙarewar ruwan jiki. Yaron da idonsa ya faɗa, ko ya kasa sha, ko ake ganin jini a bayan gidansa, asibiti za a kai shi ba tare da ɓata lokaci ba.

A ƙarshe muna miƙa kokon bararmu ga fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram da sarakunan gargajiya da masu unguwanni, da malamanmu masu hawa mumbari da masu wa'azi a gidajen rediyo. Jama'a na jin maganarku fiye da ta kowane jami'i. Kun taka rawa a yaƙi da shan inna, kun ga kuma amfanin abin. Ku gaya wa magidanta cewa ciyar da iyali da Allah Ya ɗora masu ba cika ciki kawai ba ne, ku gaya wa mata cewa zawo ba dole ne ga mai fitar haƙori ba, ku gaya wa dangi cewa cutar gado jarrabawa ce mai magani, ba abin kunya ko na sakin mace ba. Garin da ya riƙi ragamar mulkin Nijar har zuwa 1926, ya kuma yi suna da malamai da fatake tun zamanin ayarin Sahara, bai kamata a riƙa ambatonsa a sahun gaba wajen tsumburewar yara ba. Yaron da ya tsumbure kafin ya cika shekara biyu da wuya ya cike giɓin, a jiki ko a karatu, kuma shi ne manomi da malami da sojan gobe.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya raya mana zuriya, Ya kuma ba shugabanninmu ikon yin abin da ya dace. Amin.